Batirin litiyom na babur da ya ƙare ƙarƙaf: yadda ake farfaɗo da shi da yadda ake kare shi

Batirin litiyom ya fara samun shiga a shagunan kayan babura na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Garwa da Njamena. Ba shi da nauyi, ba a zuba masa ruwa, kuma yana tayar da inji da ƙarfi. Raunin sa shi ne ba ya jure a bar shi ya ƙare ƙarƙaf. Idan aka wayi gari babur bai ko kunna fitila ba, abu biyu ne ke iya faruwa: ko dai na'urar kariyar da ke cikin batirin ta rufe shi don ta cece shi, ko kuma ya lalace daga ciki. Na farkon ana tayar da shi cikin awa ɗaya ko biyu. Na biyun kuwa, tilasta masa caji na iya jawo gobara. Wannan bayani ya tattara abin da mai babur, ɗan kabu-kabu da makanike ya kamata su sani don bambanta su biyun.

Wane irin batir ne?

Batirin da aka saba da shi, mai dalma da ruwan asid, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau shi ke zuwa da yawancin ƙananan babura irin su Boxer da Haojue daga kamfani. Na litiyom ya zo daga baya sosai. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da shi a 1991. Nau'in da aka fi sakawa a babura don tayar da inji, wanda ake rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa, ya fito ne daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a jami'ar Texas ta Amurka, aka wallafa shi a 1997. Goodenough na cikin mutane uku da suka samu kyautar Nobel ta fannin sinadarai a 2019 saboda aikinsu a kan batiran litiyom.

A cikin kwalin batirin akwai ƙananan gidajen wuta guda 4 da ake kira sel, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Kowane sel na ba da volt 3.2, jimilla volt 12.8. Mai dalma kuwa sel 6 gare shi, kowanne da kimanin volt 2.1. Daga nan ruɗani ke farawa. Batirin dalma da ke nuna volt 12.7 cike yake. Na litiyom da ke nuna wannan adadi ya kusa ƙarewa, abin da ya rage masa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Yawancin batiran na ɗauke da wani ƙaramin allon lantarki da ake kira BMS. Aikinsa daidaita wuta tsakanin sel huɗun, da yanke hanya idan wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa ainun. Sai dai ba kowane batir ke da cikakkiyar kariya ba. Wasu, musamman masu araha, allonsu daidaitawa kawai yake yi, ba ya yankewa. Kafin a taɓa komai, a duba jikin batirin ko takardar da ta zo da shi. A kayan da aka rubuta da Faransanci ana samun kalmomin «protection contre la décharge profonde», ma'ana kariya daga ƙarewa ƙarƙaf.

Me ke shanye shi?

Batirin litiyom da aka cire daga babur aka ajiye ba ya rasa fiye da kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na wutarsa a wata. Matsalar tana zuwa ne daga abubuwan da ke jan wuta ko da an zare makulli: ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu ta GPS, agogon allon tuƙi, ramin cajin waya da aka haɗa kai tsaye da batir, ko wayar da ta goge tana taɓa ƙarfen babur.

Ga kuma ƙarancin ma'aji. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin batirin sau da yawa kwatance ce da batirin dalma da yake maye gurbinsa. Ainihin abin da yake ɗauka kan kasance kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan lamba. A ɗauki misalin batir mai amper-awa 3 na haƙiƙa, da na'urar bin sawu mai jan miliamper 10. A yini guda za ta sha amper-awa 0.24, cikin kwana 13 ta kwashe shi tas. Ke nan wanda ya tafi aikin hajji, ko ci-rani, ko ya jingine babur a zaure har damina ta wuce, zai dawo ya tarar da shi a mace. Haka lamarin yake a yankunan da aka taɓa hana zirga-zirgar babura saboda tsaro, kamar jahar Difa tun daga 2015, inda babura suka yi watanni ba a tayar da su ba.

Wani abin da ke yaudarar mai babur shi ne batirin litiyom ba ya yin gargaɗi. Na dalma yana raunana a hankali, sitata ta riƙa ja da ƙyar. Na litiyom yana tayar da inji garau har ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi lokaci guda.

Abin da ke faruwa a ciki

Iyakar da masu ƙera sel na LFP suka saba sakawa ita ce volt 2.5 ga kowane sel, wato volt 10 ga batirin gaba ɗaya. Ƙasa da volt 2 a sel, siririn rufin da ke kare ɓangaren da ke ajiye wuta yana fara rushewa, iskar gas ta fito, batirin ya kumbura. Idan aka ci gaba da jan wuta har sel ya kusa sifili, fallen jan ƙarfen da ke ciki sai ya fara narkewa cikin ruwan sinadarin. Ranar da aka sake yi masa caji, jan ƙarfen yana sake daskarewa a inda bai dace ba, ya yi tsiro kamar ƙananan allurai. Waɗannan allurai na iya huda tantanin da ya raba ɓangarori biyu na sel, wuta ta haɗu a ciki, zafi ya tashi.

Tun da sel huɗun ba su taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari ba, mafi rauninsu ne ke fara kai wa ƙasa. Mita na iya nuna volt 9 a kan batirin alhali sel uku na da volt 3 kowanne, na huɗun yana sifili. Tsawon lokacin da batirin ya yi a wannan hali shi ma yana da tasiri: kwana biyu da wata uku ba ɗaya ba ne.

A auna kafin a yi komai

A cire batirin daga babur, a fara kwance wayar baƙi ta (−) sannan ta ja ta (+). A duba shi da ido da hanci. Idan ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, ko robar ta narke, ko yana fitar da wani wari mai daɗi-daɗi kamar na sinadarin goge farce, magana ta ƙare a nan. Ba a yi masa caji.

Idan lafiya lau yake a ido, a bar shi ya huta awa ɗaya, a auna shi da na'urar awon wuta da masu gyara ke kira mita ko testa:

- Volt 13.3 zuwa 13.6: cike yake, matsalar tana wani wuri, watakila fis ko sitata.
- Volt 13.0 zuwa 13.2: yana tsaka-tsaki.
- Volt 12 zuwa 12.9: ya yi ƙasa, a yi masa caji yadda aka saba da cajar litiyom.
- Volt 10 zuwa 12: ya ƙare, amma bai wuce iyaka ba. A fara da ƙaramar wuta.
- Volt 8 zuwa 10: ya wuce iyaka. Ana iya gwadawa a hankali, ido na kansa.
- Ƙasa da volt 8 a batirin da ba shi da kariyar yankewa: ana ɗaukarsa a matsayin lalatacce.
- Sifili, ko wani ƙaramin adadi da ke yawo a mita, a batir mai kariyar yankewa: mai yiwuwa BMS ne ya rufe, sel ɗin kuma na nan da rai.

Wannan layi na ƙarshe shi ne ke sa mutane da yawa jefar da batir mai kyau. Cajar zamani kan nemi ta ga wuta a kan batir kafin ta fara aiki. Tun da BMS ya rufe ƙofa, cajar ba ta ganin komai, sai ta nuna jar fitila ta tsaya.

Matakan farfaɗowa

A zaɓi wuri a waje, cikin inuwa, a kan siminti ko yashi, nesa da jarkar fetur, katifa, buhunan abinci da ɗakin kwana. A tanadi bokitin ruwa da na yashi. Kada a bar batirin shi kaɗai ko na minti goma ne, kuma kada a yi wannan aiki da dare a tafi barci.

Mataki na farko shi ne buɗe BMS. Wasu batiran na da maɓalli a samansu da ake dannawa su farka. Wasu cajojin litiyom kuma na da maɓallin tayar da BMS, wanda ke tura wuta kaɗan ko da cajar ba ta ga komai ba. Da zarar ƙofar ta buɗe, mita za ta yi tsalle daga sifili zuwa volt 10 ko 11. A lura da wannan adadi na farko, domin shi ke faɗin gaskiyar halin da sel ke ciki. Idan ya fito ƙasa da volt 8, a dakata.

Inda babu irin wannan caja, makanike na iya amfani da lafiyayyen batirin dalma mai volt 12, amma da sharaɗi: a saka ƙwan fitila mai wat 5 a tsakiyar wayar (+) da ke haɗa batiran biyu, (−) kuma ya tafi ga (−) kai tsaye. Ƙwan shi ke taƙaita wutar, ba za ta wuce kimanin amper 0.4 ba. Zai yi haske da farko, ya riƙa dushewa yayin da batirin litiyom ke cika. Haɗa batiran biyu ba tare da ƙwan ba yana barin wuta mai yawan gaske ta afka cikin sel marasa ƙarfi.

Mataki na biyu shi ne ciyar da shi da ƙaramar wuta, kimanin kashi ɗaya cikin goma na ainihin ma'ajinsa. Ga batir mai amper-awa 3, amper 0.3 ke nan. Kowane minti 10 a auna, a kuma ɗora bayan hannu a jikinsa. Lafiyayyen batir zai riƙa hawa a hankali, jikinsa a sanyaye, ya kai volt 12 cikin awa ɗaya ko biyu. Idan ya ɗumama a wannan ƙaramar wuta, ko adadin ya tsaya cik, ko ya koma baya, ko awa biyu ta wuce bai kai volt 12 ba, a cire waya. Alamar haɗewar wuta ce a ciki.

Mataki na uku, bayan ya wuce volt 12, a mayar da shi kan cajar litiyom ta LiFePO4 a wutar da kamfanin ya yarda da ita, a bar shi ya kai volt 14.4. Kada ya wuce 14.6. A bar shi a kan cajar na ɗan lokaci bayan ya cika, domin a daidai nan ne BMS ke daidaita sel ɗin.

Abubuwan da ke ƙarasa kashe shi

Cajar batirin dalma mai tsarin wanke dalma, wanda ake rubutawa «désulfatation» ko «recond» a jikinta, ba ta dace da litiyom ba. Wannan tsari na tura volt 15.8 ko fiye, a wasu cajojin har ya haura 20, abin da ke iya ƙona BMS ko ya cika sel fiye da kima.

Babbar cajar shagon gyaran batir, wadda ake jera batiran motoci a kanta, ita ma wutarta ta fi ƙarfinsa. Haka jona shi da batirin motar da injinta ke aiki.

Tura babur ko buga kik don ya tashi alhali BMS na rufe yana da haɗari biyu. Batir shi ke shanye hawa da saukar wutar da inji ke samarwa. Idan ba ya kan layi, wutar na iya ƙona fitilu ko kwamfutar inji a babura masu ita. Idan kuma BMS ya buɗe ana cikin tafiya, duk wutar injin za ta zubo a kan sel da ba su shirya ba.

Fasa kwalin batir don a tsallake BMS ko a canja sel ɗaya aiki ne na ƙwararre mai kayan aiki. Ba a zuba wa batirin litiyom ruwan batir, ba a kuma ɗana kawunansa da waya don a ga ko zai yi tartsatsi.

Gwaji bayan caji

Cikar batir a kan caja ba ta nufin ya warke. A cire shi a ajiye a waje, a kan siminti, tsawon awa 24 ba tare da an haɗa shi da komai ba. Daga volt 14.4 zai sauko da kansa ya zauna tsakanin 13.3 da 13.6, wannan daidai ne. Idan ya ci gaba da sauka har ƙasa da volt 13, yana zubar da wuta a ciki, kuma bai cancanci a mayar da shi ƙarƙashin kujerar da mutum ke zama ba.

Idan ya riƙe, a ɗaura shi a babur, a ɗora mita a kansa a danna sitata. Faɗuwa ƙasa da kimanin volt 10 yayin tayarwa na nuna ya yi rauni. Ko wanda ya ci duk waɗannan gwaje-gwaje, sau da yawa ba ya komawa ƙarfinsa na da, don haka a riƙa auna shi kowane mako a watan farko.

Yadda ake kare shi

A nemo ɓarawon wutar. A zare makulli, a kwance wayar (−), a saita mita a ma'aunin miliamper, a sa ta tsakanin wayar da kan batir. Kada a danna sitata a wannan hali, mitar za ta ƙone. Miliamper 1 zuwa 3 ba laifi. Idan ya zarce haka, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗi, a nan matsalar take. Ramin cajin waya ya kamata a haɗa shi ta bayan makulli, yadda zai mutu idan an kashe babur.

A auna regileta, wadda wasu makanikai ke kira rektifaya. Inji na aiki, an ɗan ja totur, mita ta nuna tsakanin volt 13.6 da 14.6. Ƙasa da haka batirin ba zai taɓa cika ba. Idan ta kai volt 15, a canja regileta kafin a saka batirin litiyom. Tsofaffin babura da dama regiletarsu ba ta tsayawa wuri guda, kuma a irinsu batirin dalma ya fi dacewa.

Idan babur zai kwana fiye da mako biyu ba a tayar da shi ba, a kwance wayar (−). Idan watanni ne, a cire batirin yana da kimanin volt 13.2, a ajiye shi a wuri mai sanyi da bushewa, a auna shi duk wata biyu, a ƙara masa wuta in ya sauko volt 13. Tayar da babur na minti biyu a tsaye ba ya mayar da abin da sitata ta sha. Tafiyar rabin awa ta fi.

A kula da zafi. Masu ƙera sel kan ba da izinin caji tsakanin digiri 0 da 45 a ma'aunin Selsiyus. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai ko Njamena na haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kujerar babur da ya yini a rana kuwa ya fi haka nesa. A bari batirin ya huce, a yi caji da sassafe ko bayan la'asar. Zafi na tsufar da batir ko ba a amfani da shi.

Sanyi ma yana da nasa. A tsaunukan Ayar da hamadar arewacin jahar Agadas, daren hunturu na kai wa kusan sifili. Caji a ƙasa da digiri 0 yana sa litiyom ya daskare a matsayin ƙarfe a cikin sel, ɓarnar da ba ta gyaruwa. A jira rana ta ɗaga. Idan sitata ta ja da nauyi da sanyin safiya, a kunna babbar fitila na kimanin rabin minti. Jan wutar yana ɗumama batirin daga ciki, sai a sake gwadawa.

Babura masu aiki da lantarki

Duk alƙaluman da ke sama na ƙaramin batirin tayar da inji ne. Babura masu tafiya da lantarki zalla, irin waɗanda kamfanin Spiro ya baza a Benin da Togo, batiransu manya ne. A irin waɗannan babura ana samun volt 48, 60 ko 72, wasu LFP, wasu kuma nau'in NMC da sel ɗinsa ke cika a volt 4.2, wanda ya fi saurin kama wuta. Dalilin lalacewar iri ɗaya ne, amma ƙarfin da ke ciki ya ninka sau da yawa. Dabarar ƙwan fitila ba ta shafe su ba. A yi amfani da cajar da ta zo da babur kawai, in ta ƙi karɓa a mayar da batirin ga dillali ko tashar musayar batir.

Idan ya fara hayaƙi, da inda ake kai matacce

LFP ya fi sauran nau'o'in litiyom jure zafi, amma shi ma yana iya ƙonewa. Idan batir ya fara huci, ko ƙara, ko hayaƙi, a yanke wutar caja daga soket, a janye yara da dabbobi, a tsaya ta inda iska ke fitowa, domin hayaƙin na da guba. Ruwa mai yawa daga nesa yana sanyaya shi, yashi kuma na hana wutar yaɗuwa. Yana iya sake tashi bayan awanni, saboda haka a bar shi a fili har kwana guda.

Mataccen batir ba a jefa shi a bola, inda ake yawan cinna wa shara wuta, kuma ba a haɗa shi da batiran dalma da ƴan gwangwan ke saye don fasawa. A naɗe kawunansa biyu da salatif, a saka shi cikin bokitin ƙarfe mai busasshen yashi, a ajiye nesa da ɗaki, sannan a mayar wa shagon da ya sayar da shi ko mai tattara tsofaffin kayan lantarki, tare da gaya masa a fili cewa na litiyom ne.